Ƙwayar da muke bayarwa ranar awo ta makara?

Sista Babba: Assalamu alaikum. Zan faɗi wata magana, na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Folik asid, ƙwayar bitamin ɗin da muke raba wa mata ranar awon farko, ba ya hana nakasar laka da ƙwaƙwalwar jarirai. Ya makara. Ɗan bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, wato kamar mako biyu bayan ɓatan wata. Mace nawa ce take zuwa awo a wannan lokacin? Yawanci sai ciki ya yi wata huɗu ko biyar muke ganinsu. Abin da ya sa na ɗauko zancen, kwanan baya na karɓi haihuwar wata yarinya, ga ƙullutu kamar ƙwai a ƙasan bayanta, fata ba ta rufe shi ba, ƙafafun ko motsi. Uwar ta zaro katin awo da fankon ledar magani daga jakarta ta ce, "Sista, wallahi ko kwana ɗaya ban tsallake ba." Gaskiya ta faɗa. A wata na biyar ta fara sha.

Dakta: Wa alaikumus salam. Sista, lissafinki daidai ne, amma ki sassauta harshe. Idan maganar nan ta fita yadda kika faɗe ta, abin da mata za su ji shi ne maganin awo ba shi da amfani, su watsar. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta riƙa shan sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 tare da folik asid maikirogiram 400 kullum har ta haihu, saboda ƙarancin jini. Wannan aikin bai makara ba ko a wata na bakwai.

Sista Babba: Dakta, ban ce a daina ba. Na ce mu daina ruɗin kanmu cewa mun yi rigakafin nakasa.

Ɗaliba: Anti Sista, ni dai wallahi a ƙarƙashin darasin ƙarancin jini aka koya mana shi. Maganin ƙarin jini, shi ke nan. Zancen laka layi ɗaya ne, kuma ba na tuna an ce "kafin ciki".

Dakta: Ƙanwata, abin yana da asali. Ta hanyar jini aka fara sanin sinadarin. Wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, ita ce a 1931 ta gano a Bombay cewa wani abu a cikin yis yana warkar da ƙarancin jinin masu ciki. Sai bayan shekara sittin, a 1991, binciken Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ya kawo hujjar da ba gardama a kan nakasa: mata 1,817 da suka taɓa yin cikin da ya zo da matsalar, waɗanda aka ba miligiram 4 kullum tun kafin su sake ɗauka, maimaituwar abin ta ragu da kashi 72 cikin ɗari. A 1992 aka nuna a Hangari cewa yana kare waɗanda ba su taɓa fuskantar matsalar ba ma. Sunan farko na maganin ƙarin jini ne ya bi shi har yau, a bakin ma'aikata da na jama'a.

Malam: Ku yi haƙuri da ni, ni ba ma'aikacin lafiya ba ne. Na ji an ce sunan ma daga kalmar ganye ya samo asali a Latin. To me zai hana a ce wa mata su ci ganye da wake su huta? Komai sai ƙwaya?

Mai Kemis: Malam, ranka ya daɗe, ganyen yana da shi, amma wuta tana cinye shi, wani kuma ya bi ruwan dahuwa. Abin da ya tsira ma jiki kusan rabinsa yake iya ɗauka, na ƙwaya kuwa kusan duka. Kuma binciken da Dakta ya ambata da ƙwaya aka yi su. Amma ni ina da ja da Sista da Dakta duka. Na san za ku ce a yi ta koyarwa da wayar da kai. Kusan rabin cikin da ake ɗauka a duniya ba a shirya masa ba. Wadda ba ta shirya ba, yaushe za ta fara shan abu wata guda kafin ranar shigar cikin da ita kanta ba ta sani ba? Amurka ta ba da shawarar maikirogiram 400 ga duk macen da za ta iya ɗaukar ciki tun 1992, aka yi ta shela, amma sai da aka wajabta zuba shi a fulawa da sauran hatsin masana'anta a 1998 aka ga yawan nakasar ya sauko sosai. Kanada ta yi haka a shekarar, nakasar ta ragu da kashi 46. Afirka ta Kudu ta zuba a garin masara da fulawa a 2003, ta ragu da kusan kashi 30. Ba a roƙi kowa ta tuna da komai ba. Kuɗin taron bita da buga fastoci, a kai su wajen masu niƙa.

Malam: Wato a zuba wa kowa magani a abinci ba da saninsa ba? Ni da na haura sittin me ya haɗa ni da rigakafin masu ciki?

Mai Kemis: Gishirin da kake ci ma akwai aidin a ciki, Malam, ba ka yi ƙara ba.

Malam: Wannan ba amsa ba ce, zolaya ce.

Dakta: Malam yana da gaskiya ta wani gefen, kada mu share shi. Folik asid mai yawa yana iya gyara jinin wanda ke da ƙarancin bitamin B12, alhali jijiyoyinsa suna ci gaba da lalacewa ba a gane ba, kuma tsofaffi abin ya fi shafa. Shi ya sa aka sa iyakar maikirogiram 1,000 a rana ga wanda likita bai rubuta wa ba, shi ya sa kuma abin da ake zubawa a gari kaɗan ne. Irin wannan taraddadin ne ya riƙe Birtaniya, ƙasar da ta yi binciken da kanta, sai a 2021 gwamnatinta ta amince a zuba. Shekara talatin. Ni a ganina wannan jinkiri ya yi yawa, 'ya'yan mutane ne suka biya. Amma Mai Kemis, garin naka yana isa ne kawai ga wanda ke cin abin da babbar masana'anta ta niƙa. Iyalin da ke cin abin da suka noma fa?

Mai Kemis: Su ne kuma fastocinku ba sa isa gare su.

Sista Babba: Ba fasta nake nufi ba, ɗan'uwa. Ka duba abin da aka yi a ƙasar Sin tsakanin 1993 da 1995. Mata wajen dubu 250 aka bi. An tare su ne a wajen gwajin lafiya na kafin aure, aka ce su fara shan maikirogiram 400 tun daga nan har ƙarshen wata uku na farkon ciki. A arewacin ƙasar, inda matsalar ta fi yawa, ta ragu da kashi 79. Koyarwa ce wannan, sai dai an yi ta a ƙofar da ta dace. Mu ma muna da ƙofofin. Wadda ta zo cire robar tazarar haihuwa ta gaya maka da bakinta ciki take so. Wadda ta kawo yaro rigakafi yana wata tara, ƙila baɗi ta dawo da wani cikin. Wadda ta yi ɓari muka wanke ta muka sallama. Duk ta hannunmu suke wucewa, ba mai ce musu uffan, sai mu jira su a layin awo.

Maman 'Yan Biyu: Ni uwa ce kawai, bari in gaya muku abin da ke hana mu. Mace ba ciki a gan ta da ƙwayar masu ciki, sai an tambaye ta me take ɓoyewa. Budurwa kuwa ba ta ma isa ba. Sannan ana cewa yana sa ɗa ya yi ƙato a sha wuyar haihuwa, wasu su ce 'yan biyu yake kawowa. Har ni an ce shi ya jawo mini.

Dakta: Hajiya, Allah ya raya su. An bi matan Sin ɗin nan an ƙirga, ba a ga ƙarin tagwaye ba. Zancen ƙaton ɗa kuma, suga ce aka fi sani da wannan, a gwada ta.

Maman 'Yan Biyu: Amin. To ku canza masa suna mana. Muddin "maganin awo" ne, ba mai taɓa shi sai ta fara awo.

Sista Babba: Kin ji magana. Wannan ta fi duk abin da muka faɗa tun ɗazu.

Mai Kemis: Kafin a canza suna a fara gyara mu. Ƙaramar ƙwayar nan mai ruwan ɗorawa da aka fi sani miligiram 5 ce, ta ninka maikirogiram 400 fiye da sau goma sha biyu, kuma ma'aikata da yawa suna miƙa ta kamar duk ɗaya ne. Ta miligiram 5 ɗin ta waɗanda haɗarinsu ya fi ce: wadda ta taɓa haifar mai matsalar, mai ciwon suga, mai shan wasu magungunan farfaɗiya musamman valproate, kuma likita ne zai tsara. Ga wani abu kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a haɗa miligiram 5 da Fansidar ɗin da ake ba masu ciki don zazzaɓin cizon sauro, yana rage masa ƙarfi. Mutum nawa a cikinmu suka san wannan?

Ɗaliba: Ni yau na fara ji.

Malam: Har yanzu ban gamsu da zubawa a abincin kowa ba, a rubuta. Amma ina da tambaya ga Sista. Matar nan mai katin awo, me kika ce mata? Kin ce laifinta ne?

Sista Babba: Subhanallahi, a'a Malam. Ko da ta sha a kan lokaci ba duka yake hanawa ba, akwai na gado, akwai wanda ba ruwansa da folik asid. Na ce mata ba abin da ta yi, muka tura yarinyar wajen likitocin tiyata a ranar, don irin wannan buɗaɗɗen wuri ba ya jira. Da ta zo tafiya na riƙe hannunta na ce, kafin ki sake ɗaukar wani ki zo ki same mu da wata uku, akwai ƙwayar da ta fi ƙarfi da za a ɗora ki a kai. Mijin yana tsaye a bakin ƙofa, na kira shi ciki na maimaita a gabansa.

Ɗaliba: Anti, gobe ina ɗakin tazarar haihuwa. Idan mace ta zo cire roba, kafin in cire zan faɗa mata ko bayan na gama?

Sista Babba: Kafin. Da kin cire hankalinta ya koma gida. Ki rubuta mata 400 ɗin a takarda da hannunki, kada a ba ta ta 5.