Marsandi 124 mai dogon baya: an sa gajeren sifirin, baya ya ƙi sauka

Ɗan Rumde, Garwa:

Assalamu alaikum masu sana'a. Motar Marsandi ce 124 mai dogon baya, ƙirar 1993, irin wadda bayanta ke ɗaga kansa da mai idan an yi mata lodi. An sa mata gajerun sifirin gaba da baya, waɗanda aka ce suna rage milimita 35. Gaba ya sauka daidai. Baya kuwa, in ta kwana za ka same ta a ƙasa gwanin sha'awa, amma da an tayar da injin sai ta miƙe ta koma tsayinta na da, goshi a ƙasa, gindi a sama. Ga shi bayan ya yi tauri, ko ƙaramin rami aka shiga sai na baya ya ji a ƙugunsa. Wani ya ce a cire tiyon man a toshe, a sa shoka ta gama-gari. Akwai hanyar saita ta ba tare da an kashe tsarin ba?

Usta Mai Rami, Marwa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka bari a toshe komai, motar lafiyarta ƙalau, aikin da aka ƙera ta ta yi shi take yi.

A bayan irin wannan mota ba shoka ba ce, silinda ce ta mai. Famfo daga injin yana turo mai zuwa wani bawul da ke kusa da aksil ɗin baya. Bawul ɗin yana da ɗan hannu, an haɗa shi da sandar sitabilaiza (sandar da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage karkatar mota) ta wani siririn ƙarfe. In baya ya nutse, sandar ta juya, ta tura hannun sama, bawul ya buɗe wa mai hanya, silinda ta ɗaga motar har hannun ya dawo tsakiya. To bawul bai san an canza sifirin ba. Shi dai ya ga baya ya sauka milimita 35, a wurinsa lodi ne, sai ya yi ta tura mai. Nauyin da ya kamata sifirin ya ɗauka ya koma kan silinda da ƙwallayen gas guda biyu da ke ba bayan motar laushi, ga taurin da kake ji ke nan. In aka daɗe a haka robobin silinda su ne za su fara zubar da mai.

Abin da za a yi shi ne a koya wa bawul sabon tsakiya. A yi shi a kan rami, tayoyi huɗu a ƙasa a wuri mai daidaito, iskar taya daidai, tankin fetur ko dizal wajen rabi. Ba a yin wannan aiki a kwance ƙarƙashin mota ko a kan jak, domin da ka ja hannun bawul ƙasa motar saukowa take yi a kanka.

Ka cire siririn ƙarfen daga hannun bawul. Ka ja hannun ƙasa, man silinda ya koma tankinsa, motar ta zauna a kan sifirinta. A tura ta gaba da baya kamar mita biyu don ƙafa ta saki, sannan ka auna da tef daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, hagu da dama, ka rubuta. Daga tsakiyar wili nake cewa, ba daga ƙasa ba, don kada taya ta ruɗe ka. Sai a ɗora buhu uku masu kilo 50 a but, daidai saman aksil. Za ta nutse. A tayar da injin, wani ya ɗan ɗaga wuta, kai kuma ka tura hannun sama a hankali har baya ya taso ya rage kamar milimita 10 ya kai awon da ka rubuta. Nan za ka mayar da hannun tsakiya. Akwai ɗan rami a jikin hannun da ke haɗuwa da wani a jikin bawul, ka zura bakin diril mai milimita 4 ya riƙe shi. Yanzu sai ka daidaita tsawon siririn ƙarfen har ya shiga wurinsa ba ja ba turi. In naka ba mai warwarewa ba ne, ka sassauta maɗaurin da ke kan sandar sitabilaiza, ka juya shi har ƙarfen ya zauna, ka ɗaure. Ka zare bakin diril ɗin kafin motar ta motsa. Wanda ya manta shi zai lanƙwasa hannun a tudun farko.

Me ya sa milimita 10 ƙasa da awon? Don in motar ba kaya, sifirin ne ke ɗauke da ita, bawul yana hutawa da ɗan matsin da yake riƙewa kullum. Sai an yi lodi ya farka. In ka saita shi sama da awon, ka koma gidan jiya. In ka yi ƙasa da yawa, iyali da kaya za su shiga, motar ta kwanta kan robar tsayawa kafin mai ya zo.

Abu Hajara, Njamena:

Usta ya gama magana kan saiti. Ni tambaya ɗaya zan yi wa mai motar: sifirin bayan da aka sa, na wace mota ne? Na mai ɗaga kai da mai daban yake da na salun ta gama-gari, domin an ƙera shi da sanin cewa silinda za ta ɗauki wani kaso na nauyin. Yawancin waɗanda ke zuwa kasuwa a kwance daga motocin da aka yanka, ba wanda ya san asalinsu. In na wata mota ne, ko ka saita bawul daidai, tsayi da laushi ba za su zo yadda kake so ba. Ka duba lambar da ke jikinsa.

Sannan kada a ɗora wa saiti dukan laifin taurin nan. Mota ta 1993, ƙwallayen gas ɗin ƙila sun mutu tun tuni. Kowace ƙwallo tana da fatar roba a ciki, gefe ɗaya iskar naitirojin, gefe ɗaya mai. Sabuwa tana zuwa da matsin bar 23, in ya faɗo ƙasa da 15 ta gama aiki. In fatar ta fashe mai ya cika ƙwallon, ba sauran abin da zai matsu, baya sai ya riƙa tsalle kamar amalanke. Alamarta ita ce man da ke tankin silindar ya ragu alhali ba ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Biyu ake canzawa tare, kuma a sauke matsin ta nonon da ke jikin bawul kafin a taɓa kowane tiyo.

Batun mai kuma a kiyaye. Nasa ne na musamman, wanda aka rubuta ZH-M ko lambar Marsandi 343.0 a jikin gwangwani. Man birki yana cinye robobin gaba ɗaya, jan man giya ma ba nasa ba ne. In na cikin tankin ya yi baƙi, a zuƙe shi, a canza 'yar matatar da ke cikin tankin, ƙurar hunturu ba ta barin ta da rai.

Tsohon Direba, Ngaundere:

Alhaji, ni dai zan faɗi wadda ba a tambaye ni ba. Milimita 35 ya yi yawa a hanyoyinmu. Wanda ya san tsakanin Mora da Dabanga zuwa Kusuri ya san kwanon baƙin mai da salansa su ne za su biya kuɗin kwalliyar. In a cikin Garwa kawai za ta yi yawo, to, amma ko nan akwai tudun rage gudu.

Akwai gyara mai sauƙi. A saman kowane sifirin akwai robar zama, da 'yan ƙuraje a bakinta da ke nuna kauri: ɗaya milimita 8, biyu 13, uku 18, a gaba har da mai huɗu, 23. Ka sa mai kauri a kan gajeren sifirinka, za ka dawo da wani abu daga tsayin, kuma abin da za ka gani a taya ya ɗan fi kaurin robar, saboda sifirin yana can ciki a kan hannun ƙafa. Sai dai a gama da roba kafin a saita bawul, in ba haka ba aiki biyu ne. Sifirin gaba kuma dogo ne, a matse yake ƙwarai. Da matsewar da ke shiga ta cikinsa mai faranti biyu ake cire shi, ba da masu ƙugiya na gefe ba.

Ɗan Rumde, Garwa:

Allah ya saka da alheri. Usta, bayan saitin akwai sauran abin da za a taɓa? Tayoyin baya kamar sun ɗan kwanta ciki.

Usta Mai Rami, Marwa:

Za su kwanta. Ƙafar baya hannu biyar ce kowane gefe, in ta sauka kan taya yana karkata ciki, kuma kamfani bai sa wurin gyara wannan karkatar a baya ba, sai dai ka sayi hannun sama mai warwarewa. Abin da ake iya saitawa shi ne inda bakin taya ya dosa, kuma shi ya fi cin taya ta ciki. Ka yi tafiyar 'yan kwanaki sifirin ya zauna, ka sake awo, sannan ka kai ta alaimen, wato saitin tayoyi, gaba da baya. Duk notin bushin da aka kwance a sassauta shi a sake ɗaurewa tana tsaye kan tayoyinta, in an ɗaure tana rataye robar a murɗe za ta zauna ta yage. A duba hasken fitilun gaba ma, tsayi ya canza.