Yaya ake gane mai korona da jikinsa zai rikice idan babu gwajin D-dimer?

Salamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Ina neman shawara kan masu korona da aka kwantar a asibitin da babu gwajin D-dimer (mai nuna alamar daskarewar jini) ko CRP (mai nuna kumburi a jiki).

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a fili yake: oksijin a jini ƙasa da kashi 90, ko numfashi sama da 30 a minti, cutar ta tsananta. Inda na maƙale shi ne masu kashi 92 zuwa 94, musamman tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini. Sai ka ga dattijo zaune yana hira, ko haki babu, alhali oksijin ɗinsa na sauka, kuma galibi a mako na biyu jiki ke juyawa. Ga shi na'urar auna oksijin ta yatsa kan nuna adadi sama da na gaskiya a baƙar fata, sanyin hannu ma na ɓata awon.

To a nawa kuke fara ba da oksijin? Ƙarancin lymphocyte (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta) kaɗai ya isa a matso da gadon mutum kusa da nas? Mai suga kuma da aka ɗora kan dexamethasone (maganin rage kumburi) miligiram 6 kullum, sau nawa kuke auna sugansa a rana?