Sugan ciki: na rage cin abinci sosai amma na safe ya ƙi sauka, dan Allah a ba ni shawara

Maman_Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wacce ta taɓa yin ciwon suga na masu ciki ko wacce ta san harkar ta taimaka min, wlh kaina ya kulle. Cikina sati 29 yanzu, na uku kenan, biyun farko lafiya lau na haife su sai dai na biyun ya zo da kilo 4.2 na sha wuya sosai kafin ya fito. Sati biyu da suka wuce a wajen awo aka ce in zo da safe ban karya ba, suka ɗebi jinina suka ba ni wani ruwa mai shegen zaƙi na shanye aka sake ɗiba har sau biyu, ƙarshe dai likita ta ce ina da sugan ciki. Abbansu ya siyo min injin gwaji ina soka yatsa sau 4 a rana ina rubutawa.

Toh matsalar ita ce tun ranar tsoron abinci ya kama ni, na bar shinkafa na bar tuwo na bar shayi, daga la'asar ma ba na ƙara sa komai a bakina sai ruwa, amma da asuba in na gwada sai in ga 5.8 ko 6.0 alhali an ce kar ya kai 5.3. In kuma na sha koko da ƙosai biyu da safe sai ya tashi 9 da wani abu bayan awa ɗaya. Ga jiri ga yunwa, jiya har hawaye na yi a kicin ina dafa wa yara taliya. Hajiyarsu kuma ta ce ai zaƙi ne ya min yawa ta aiko da jiƙo a jarka wai in dinga sha safe da yamma. Likita ta ce in bai daidaita ba zuwa awo na gaba za a sa ni a allura, ni kuma allurar nan nake tsoro dan na ji ana cewa in aka fara ba a bari har mutuwa. Me zan ci? Kuma ya zan yi da Hajiya?

Ummu_Yara:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu Allah ya raba lafiya. Karanta saƙonki na yi kamar ni na rubuta shi, cikina na huɗu haka na yi ta horar da kaina da yunwa har na rame aka fara min faɗa a wajen awo. Ki daina zama da yunwa dan Allah, ba ke kaɗai ba ce a jikin nan.

Ni abin da ya gyara min na safe shi ne cin ɗan wani abu kafin in kwanta, wajen ƙarfe 10 haka sai in ci dafaffen ƙwai ɗaya da gyaɗa cikin tafin hannu ko kindirmo rabin kofi ba suga. Koko kuwa ki haƙura da shi tukunna, ni ko ba suga a ciki haura min yake kamar an hura wuta, kunun gyaɗa ma haka, fura ma haka in ta yi yawa. Da safe na koma alala ko ƙwai da kwaɗon zogale da yankan biredi ɗaya tal. Da rana ina cin tuwona amma malmala ɗaya ƙarama kamar dunƙulen hannuna, sai in cika kwano da miya, kuka ko kuɓewa ko taushe mai ganye da yawa, da kifi ko nama in akwai. Shinkafa ma ban bari ba, wake ne dai nake sawa ya fi ta yawa in yanka kabeji da kokwamba a kai. Kuma ina gamawa ba na zama, sai in ɗau tsintsiya ko in yi ta zagaye tsakar gida minti 15, wlh da idona na ga bambanci a injin tsakanin ranar da na taka da ranar da na kwanta.

Wani abu kuma da ya yaudare ni, tuwon alkama. Kowa cewa yake shi ne abincin masu suga sai na dinga cin malmala biyu da ƙarfin gwiwa, ashe shi ma haurawa yake, yawan ne matsalar. Zuma da dabino ma da ake cewa ba komai, ki gwada bayan kin ci ki gani da kanki.

Yar_Zinder:

Sannu 'yar uwa. Ni dai a ganina kar ki raina na Hajiya, iyayenmu da shi suka haife mu. Maƙociyata ruwan shuwaka da garahuni ta dinga sha ta ce ya sauko mata. Ki haɗa da na asibitin mana.

Nas_Mai_Awo:

Salam. Ni ungozoma ce a ɓangaren awo, bari in ɗan tsawaita dan tambayar nan kusan kullum sai an min ita.

Da farko ƙanwata ki cire wa ranki cewa ke kika jawo wa kanki da shan zaƙi. Mabiyiya ce take fitar da wasu sinadarai da suke hana insulin ɗin jikinki, wato sinadarin da ke sauko da suga a jini, aiki yadda ya kamata, kuma suna ƙaruwa ne yayin da ciki ke tsufa, shi ya sa ake gwajin tsakanin sati 24 zuwa 28. Ruwan da kika sha gulukos ne giram 75, kuma a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013 in na kafin sha ya kai 5.1, ko na bayan awa ɗaya ya kai 10.0, ko na bayan awa biyu ya kai 8.5, ko da guda ɗaya ne a ciki, an kira shi sugan ciki. Da jin kilo 4.2 ɗin nan na yaronki na biyu ma ina zargin tun lokacin akwai shi ba a gano ba.

Lambobin da aka fi ba mata su bi a gida: da asuba kafin ki ci komai ƙasa da 5.3, bayan awa ɗaya da cin abinci ƙasa da 7.8, in kuma bayan awa biyu kike gwadawa ƙasa da 6.7. Masu injin da ke nuna manyan lambobi su ne 95 da 140 da 120, ninkawa ake da 18. Amma wanda likitarki ta rubuta miki shi za ki bi. Ki dinga wanke hannu da sabulu ki bushe shi kafin ki soka, na taɓa ganin wacce ta yanka mangwaro ta gwada ta taho a guje tana kuka, ashe zaƙin yatsa injin ya karanta.

Batun na safe, daga la'asar zuwa asuba kusan awa 13 kenan ba ki ci ba. In jiki ya daɗe haka hanta ce take sako sugan da ta ajiye cikin jini, ga sinadaran ciki sun fi ƙarfi da sassafe, sai ki tashi ki gan shi sama alhali cikinki wayam. Kuma yunwar na sa jiki ya koma ƙona kitse ya fitar da abin da muke gani a fitsari muna kira kiton, ba ma son shi ga mai ciki ko kaɗan. Ki ci sau 3 kaɗan kaɗan ki sa ɗan abin taɓawa sau 2 ko 3 a tsakani har da na dare kamar yadda Ummu_Yara ta ce. Amma zan faɗa miki gsky, na asuba shi ne wanda abinci bai cika iya gyarawa shi kaɗai ba, wata za ta yi duk abin da aka ce ya ƙi sauka, ba laifinta ba ne.

Shi ya kawo mu kan allura, wato ta insulin. Maganar in an fara ba a bari, wannan na masu wani nau'in suga ne daban da jikinsu ba ya yin insulin sam. Ke naki da zarar mabiyiya ta fita yawanci ranar ake tsayar da ita. Insulin ba ya ratsa mabiyiya ya je wa jariri, suganki ne yake ratsawa, shi kuma jaririn sai jikinsa ya yi ta yin nasa insulin ɗin yana tara kitse, ya yi ƙato kafaɗarsa ta maƙale wajen fita, ko ruwa ya yi yawa a ciki, ko a haife shi sugansa ya faɗi ƙasa dan an yanke masa wanda ya saba samu. Ke kuma hawan jini da jijjiga sun fi kusa da ke. Wata ana fara mata da ƙwayar metformin ne ma, likita ce za ta zaɓa. Allurar siririya ce ƙwarai, mata da yawa cewa suke sukar yatsa ta fi ta zafi. In aka sa ki a kanta ki dinga yawo da alawa ko suga a jaka, in kika ji rawar jiki da zufa da bugun zuciya ki gwada, in ya yi ƙasa da 4 ki sha zaƙin nan take ki sake gwadawa bayan minti 15. Allurar da ba a buɗe ba a firij take zama, ba a wajen ƙanƙara ba dan in ta daskare ta lalace, in babu wuta ki sa ta a roba mai murfi ki rufe ruf ki ajiye a gindin randa inda ke da sanyi.

Yar_Zinder ki yi haƙuri amma a nan ban goyi bayanki ba. Zaƙin da iyayenmu ke nufi wanda ake cewa yana hana naƙuda sauri daban, sugan jini daban, suna ne kawai ya haɗa su. Jiƙon nan ba wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin kofi ɗaya, wasu itatuwan suna tayar da naƙuda kafin lokaci wasu suna taɓa hanta da ƙoda, in kuma aka haɗa da maganin asibiti suga na iya faɗuwa mace ta sume. Ciki sati 29 in ya taso yanzu kwalba za a nema wa yaro.

In kika ji motsi ya ragu, ko ciwon kai mai tsanani, ko ganinki na dishi dishi, ko fuska da hannu sun kumbura, kar ki jira ranar awo ki tafi a lokacin ko da dare ne.

Baban_Gida:

A gafarce ni na shigo zancen mata, matata ta yi wannan lalurar bara shi ya sa. Batun Hajiya nake so in ce wani abu, Maman_Biyu wannan ba yaƙinki ba ne na maigidanki ne. Ke in kika ƙi sha za a ce kin raina ta, shi in ya je ya zauna ya ce Hajiya likita ta hana haɗawa da komai saboda jikanki, magana ta ƙare. Ni haka na yi, daga baya ma mahaifiyata da kanta take aiko da zogale da ƙwan zabi. Kuma ya daina shigo da lemun kwalba gidan yara na sha a gabanki, mu duka gidan muka bari har ta haihu. Tsinken gwajin akwai tsada ba ƙarya, ya sa shi cikin lissafin cefane tun yanzu kar ya ƙare a ce sai wata ya yi.

Ummu_Yara:

Na manta ban faɗa ba, ni ƙarshe sai da aka sa ni a allurar dare a sati 33 duk da ƙoƙarina, na yi kuka ranar amma cikin kwana 4 na asuba ya dawo 4.9. Na haifi yarinyata da kaina kilo 3.3, ana goge ta nas ta ce in sa ta a nono maza kar a zubar da dakashi dan shi zai riƙe mata suga, kuma tun daga ranar ban ƙara ganin allura ba. Inda na yi sakaci shi ne jego, kunun kanwa da suga cokali cokali da shayi mai kauri, kuma ban koma gwajin da aka ce in yi bayan sati 6 ba sai da na kusa yaye. Kar ki yi irin nawa.

Nas_Mai_Awo:

Yauwa na gode da kika tuna wannan. Tsakanin sati 6 zuwa 12 bayan haihuwa a sake gwaji, daga nan kuma a dinga dubawa duk shekara in da hali, dan wacce ta yi sugan ciki ta fi sauran mata kusa da kamuwa da ciwon suga na dindindin nan gaba. Ciki na gaba kuma tun zuwan farko ki faɗa musu. Su kuma masu tambayata azumin nafila ko ramuwa da wannan lalurar, ku bari sai kun sauka, na Ramadan ma addini ya yi wa mai ciki rangwame in akwai tsoron cutuwa.

Maman_Biyu:

Allah ya saka muku da alheri ya biya muku buƙatunku, wlh ji nake kamar an sauke min dutse. Na nuna wa Abbansu saƙon Baban_Gida ya yi dariya ya ce gobe bayan sallar Juma'a zai biya wajen Hajiya, jarkar dai tana nan bayan ƙofa ban taɓa ba. Daren jiya na ci tuwon dawa ƙarami da miyar kuka da kifi bayan magariba na zagaya tsakar gida da ƙaramin yana bina, ƙarfe 10 na ci ƙwai da gyaɗa, yau da asuba 5.5 na gani, bai kai inda ake so ba amma rabona da ganin haka tun da na fara gwaji kuma na yi barci ba jiri. Yau alala na ci maimakon koko ya ba ni 7.1. Talata zan koma awo da littafina in ta ce allura zan karɓa in sha Allah. Anti Nas tambaya ɗaya ta rage, awa ɗayan nan daga loma ta farko ake ƙirgawa ko sai na gama ci?

Nas_Mai_Awo:

Mu daga loma ta farko muke cewa a ƙirga, ki duba agogo kina fara ci. Ki rubuta abin da kika ci a gefen kowace lamba ki kai mata haka, in 5.5 ɗin nan ya tsaya har Talata ki nuna mata shi musamman. Allah ya sauke ki lafiya ƙanwata.