Tattalin Batir a Zangon Hamadar Arizona

Duk watan Janairu, dubban masu motocin da ake kwana a cikinsu kan yi zango a kewayen Quartzsite, cikin hamadar Arizona a Amurka, inda babu turken lantarki balle famfo. Hirarsu ba ta wuce ta batir, ga kuma abin da tsofaffin hannu suka fi nanatawa.

Batir mai ruwa ba a shanye shi fiye da rabi. Cikakke yakan nuna bolt 12.6 bayan ya huta. Idan ya sauka kusan 12.1, a nemi caji. Mai zarcewa kullum, ba da jimawa ba zai sayi sabo. Na lithium ya fi juriya, ana iya cinye kusan duka, sai dai ga tsada, kuma ba a caja shi cikin sanyin ƙanƙara.

Babban ɓarawon wuta, wanda sababbin shiga ba sa zargi, shi ne injin ɗumama ɗaki. Gas ne ke ba da zafin, amma fankarsa batir take zuƙa, har takan kusa ƙarar da shi a dare guda. Shawarar dattawa: a rage zafin, a ƙara bargo. Ni ma nan na tsaya.

Firji a mayar da shi kan gas, fitilu su zama LED, inbata a kashe ta idan ba a amfani da ita, don tana cin wuta ko babu komai a jone.

Gardama ta ɓarke ne kan sola da janareta. Masu sola sun ce a karkata farantan wajen kudu, tunda ranar hunturu ba ta hawa sama sosai. Masu janareta kuwa aka roƙe su kada su tayar da shi da daddare.