Sirancin sandar sunuka da yadda take amsa hannu

Daren Asabar a wani teburin sunuka a Unguwar Rogo, Jos, muhawara ta kaure kan yadda sanda ke sirancewa daga gindi zuwa baki. Ga abin da na tsinta.

Wadda sirancinta ya yi tsawo takan ɗan lanƙwasa wajen bugu, sai ka ji ƙwallo har tafin hannunka. Amma a bugu mai ƙarfi takan yi rawa. Wadda kaurinta ya kai kusa da baki ta fi tsayawa cak, ita zan ba sabon shiga.

Wani dattijo ya ce, "Ɗana, kada faɗin bakin sanda, milimita 9 ko 10, ya ruɗe ka. Zura ta tsakanin yatsunka, ka ji inda take fara kauri."