Wace Hausa za mu ba "stress" na wurin aiki?

Jama'a, musamman masu fassara da ma'aikatan lafiya, ku matso. Kalmar nan "stress" da ma'aikata ke yawan ambata, har yau ba mu tsayar mata da Hausa ɗaya ba. Wani ya ce gajiya, wani ya ce damuwa, wani ya bar ta a "sitires" ya yi gaba.

Gajiya ba ta kai ba. Mai gajiya in ya samu barci sai ya tashi garau. Mai wannan abu kuwa yana kwance ƙarfe biyun dare idonsa biyu, wayar aiki ta yi ƙara gabansa ya faɗi, tun daren Lahadi cikinsa ya ɗuri ruwa saboda Litinin.

Damuwa kuma an riga an ɗora mata kaya. "Ciwon damuwa" muke cewa ga cutar da ke raba mutum da jin daɗin komai, wadda likitan ƙwaƙwalwa ke dubawa. In muka cusa su a kalma ɗaya, wanda aiki ya yi wa yawa zai zaci cuta ce ta kama shi, mai cutar kuma a ce masa ya ɗauki hutun mako guda, shi ke nan.

Ni dai matsi na zaɓa: matsin aiki. A wajen injiniyoyi, kalmar "stress" tana nufin ƙarfin da ke danne ƙarfe ko katako. Hans Selye, wanda ya wallafa bincikensa na farko a kan abin a 1936 yana Kanada, shi ya yaɗa ta a fannin lafiya. Jiki in ya ji barazana yakan saki sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, sukari ya ƙaru. Na ɗan lokaci ba laifi, har yana sa a yi himma. Daɗewarsa ce masifar.

Wata Malama ta ce, "Ai muna da matsin lamba." Gaskiya ne, Malama, amma matsin lamba sai da mai yin sa, shugaba ko abokin aiki. Matsin aiki kuwa yana iya zuwa ko da shugabanka mutumin kirki ne. Wani masani mai suna Robert Karasek ya nuna a 1979 cewa ya fi tsanani inda aiki ya yi yawa, kuma ba ka da ta cewa a yadda za a yi shi. Ga shi kalmar tana zama a baki: "ina cikin matsi", "aiki ya matse ni".

Don Allah kuma a daina rubuta "sarrafa damuwa" a matsayin fassarar "stress management", ba auduga ba ce. A ce rage matsin aiki, ko sassauta shi. Da an faɗi haka ido zai koma kan awannin aiki, ƙarancin ma'aikata da saƙon dare, ba kan ma'aikaci kaɗai ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa mutum 745,000 sun mutu a 2016 da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, sanadin aikin awa 55 ko fiye a mako.

Saura "burnout", wanda Hukumar Lafiya ta bayyana a 2019 a matsayin sakamakon matsin aiki da ya daɗe ba a magance ba. Zuciyata ta fi kwanciya da "jigata", sai dai ba ta ɗauko ƙosawar nan da mutum ke yi da aikin gaba ɗaya ba. Malamai, me kuka gani?