Ajin nazire a firamaren gwamnati, daga shekara nawa suke karɓa?

Maman Hanif:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah ajin naziren nan da ake ta buɗewa a firamaren gwamnati daga shekara nawa suke karɓan yaro? Nawa shekararsa 3, ina ɗinki a Kasuwar Barci, kullum yana maƙale a gindin keke, jiya har allura ya ɗauka zai kai baki, kuɗin firaibet kuma sai dai Allah.

Malam Sani Kawo:
Wa alaikumus salam. 3 zuwa 5 ne Hajiya, ƙarƙashin SUBEB yake, wato hukumar ilimin firamare ta jiha, dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ma ta sa shi a ciki. Ki je wajen hedimasta kai tsaye.

Ummu Khairat:
Ƴar uwa ki fara leƙa ajin da idonki tukunna. Ni namu a Rigasa malama ɗaya ce da nani ɗaya, yara sun cika tabarma maƙil, wannan na kuka wancan ya yi fitsari, baiwar Allah tana iya ƙoƙarinta wallahi amma hannu biyu gare ta. Kuma da wuri suke tashi, kafin azahar sai kin rufe shago kin ɗauko shi.

Maman Hanif:
Kash, tashin ne matsalar. Bari in ga ko ƙanwar babansa za ta riƙa ɗauko min shi.